Ƙoda ta samu, sai hanta ta tayar da magana: labarin Malam

Malam ne ya ce a rubuta wannan labari, da sharaɗi ɗaya: kada a ambaci sunansa. Malamin lakwal ne, mushe kamar yadda yaran unguwa ke kiransa, haifaffen Birni a nan Damagaram, ya haura shekara 50. Abin da ya sa ya nace, in ji shi, shi ne mutanen da ya bari kwance a gadajen diyaliz, wato wankin ƙoda da inji, waɗanda kullum zancensu ƙoda ne, babu mai tunawa da hanta. Mu masu aikin jinya da muka bi lamarinsa mun haɗa abin da ya faɗa da bakinsa da abin da takardunsa suka nuna.

Hawan jini ne ya cinye masa ƙoda, a hankali, shekara da shekaru yana shan magani yau ya bari gobe. Da ƙafafu suka fara kumbura, amai ya zama na kowace safiya, analiz ya nuna ƙodojin biyu sun gama aiki. Aka ɗora shi a kan wankin ƙoda, awa 4 kowane zama. Ƙa'ida sau 3 ne a mako, amma sau da yawa 2 yake samu, kuma ya yi wankin a gari fiye da ɗaya, duk inda gado ya samu. Lafiyayyar ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jini, don haka mai wannan ciwo kullum jininsa ƙasa yake. Akwai allurar da ke maye gurbin sinadarin, eritiropoyetin, amma tana da tsada. Duk watan da aljihu ya gaza, sai a koma ƙarin jini. Malam ya karɓi leda da dama cikin shekara biyu, biyu daga ciki makonni kaɗan kafin tafiyarsa dashen ƙoda.

Ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba shi ƙoda. "Yaya, biyu Allah Ya ba ni, ɗaya ta ishe ni," haka ya faɗa a gaban dangi, ya kashe maganar. Aka sayar da gona, aka yi karo-karo, aka fita waje aka yi aikin. Ƙodar ta fara fitar da fitsari tun suna ɗakin tiyata. Ya dawo gida da jaka cike da magani iri uku da zai sha muddin ƙodar na jikinsa: takrolimus safe da dare, awa 12 cif tsakani, mikofenolat, da firedinisolon. Aikinsu ɗaya ne, su kwantar da garkuwar jiki don kada ta ga ƙodar a matsayin baƙuwa ta far mata.

Wajen wata na biyar ya fara jin ƙishirwa marar misali, da yawan tashi fitsari cikin dare. Aka auna suga, ya hau. Ba a yi mamaki ba, domin takrolimus da firedinisolon dukansu suna jawo ciwon suga. Aka ba shi magani. Wata na gaba sai sinadarin hanta da ake kira ALAT ya ninka, fitsari kuma ya fara kumfa, alamar furotin na zuba. Idonsa fari tas, babu shawara, babu ciwon ciki. Likitan ƙoda ya ce a yi masa gwajin ciwon hanta nau'in C, amma na sharj biral, wato PCR.

Malam ya zaro takardu biyu daga jakarsa. "Likita, ai an yi mini, har sau biyu. Ga shi nan, babu."

A nan ne mutane da yawa ke ɓata, shi ya sa za mu daɗe a kai. Gwajin ciwon hanta C iri biyu ne. Na farko, wanda ake yi da ɗigon jini a samu sakamako cikin mintuna, ba ƙwayar cutar yake nema ba. Antikor yake nema, wato makamin da jiki ke ƙerawa idan ya gamu da cutar. Sawun kura yake dubawa, ba kurar ba. Shi kuwa sawun yakan ɗauki mako 8 zuwa 11 kafin ya bayyana, wani lokaci har wata 6. Ga wanda ke kan diyaliz ko yake shan maganin danne garkuwa, jikin na iya yin jinkiri fiye da haka, ko ma ya kasa ƙera shi yadda gwaji zai gani. Na biyun, PCR, ƙwayar cutar kanta yake ƙirgawa a cikin jini, kuma yana ganinta mako 1 zuwa 2 bayan ta shiga. Takardun Malam duka biyu na antikor ne, na ƙarshen kuma an yi shi ne jim kaɗan bayan ƙarin jinin da ya karɓa.

Akwai tarko na biyu. Masu wankin ƙoda ALAT ɗinsu yakan zauna ƙasa da na sauran mutane, saboda haka adadin da takarda ta nuna a matsayin daidai yana iya zama hawa ne a gare su. Ma'aikaci mai lura ba ya kallon layin da aka buga a gefen takarda kawai, yana kwatanta na wannan wata da na watan jiya. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin ƙoda ta duniya, KDIGO, ita ce a gwada mutum ranar da ya fara diyaliz, a sake duk wata 6, a sake idan ya sauya cibiya, a kuma duba ALAT kowane wata.

Aka ɗebi jinin Malam, aka tace ruwansa, aka sa cikin akwatin sanyi zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Sanyin nan ba ado ba ne, domin zafi yana lalata abin da ake son ƙirgawa, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da ita ma tana iya wannan aikin idan akwai kwanson gwajin nau'in C, don haka yana da kyau a tambaya kusa kafin a aika nesa. Sakamako ya dawo: ƙwayar na nan, da yawa.

Tambayar farko da kowa ke yi ita ce daga ina. Ƙofofi uku ne a buɗe a rayuwar Malam. Akwai ƙarin jini: ana tantance jini kafin a ba mutum, amma idan tantancewar ta antikor ce, mai bayarwar da ya kamu kwanan nan zai wuce ba a gan shi ba. Akwai ɗakin diyaliz. Jama'a na zargin injin, alhali galibi ba ta cikinsa cutar ke bi ba. Ta hannu take bi: safar hannu da ba a sauya ba daga gado zuwa gado, kwalbar heparin, maganin hana jini daskarewa, ɗaya da ake zuƙa wa mutum uku, teburin turawa da ke zagaya ɗaki ɗauke da auduga da filasta, ɗigon jini a kan maɓallin inji da ba a goge ba. Ƙwayar na iya rayuwa makonni a busasshen jini. Shi ya sa KDIGO ba ta ce a ware wa masu nau'in C inji ko ɗaki ba, tsabta ta ce a tsananta, sabanin nau'in B da ake ware wa masu shi wuri. Ƙofa ta uku ita ce ta gida: askar wanzami, ƙaho, sakiya, tsaga, allurar mai yawo da jaka a kasuwa. Malam ya yi ƙaho ba sau ɗaya ba lokacin da ciwon kai na hawan jini ya matsa masa.

A gida, uwargida ta tsorata. Ta ware masa kwano da cokali, ta hana jikoki shan ragowar furarsa. Malam ya ce wannan ya fi masa sakamakon gwajin ciwo. Sai da aka zaunar da ita aka yi mata bayani: cutar ba ta bin kwano, ba ta bin kofin shayi, ba ta bin gumi ko musabaha ko sauro. Jini take bi. Abin da za a ware shi ne reza, aska, abin yanke farce, burushi da asuwaki. Tsakanin miji da mata yaɗuwarta kaɗan ce ƙwarai, amma an gwada ta, an gwada ƙanen da ya ba da ƙoda, dukansu lafiya. Da yamma ta mayar da kwanon cikin sauran. "Malam, ka yafe mini, rashin sani ne."

To me ya sa likitan ya ɗauki abin da zafi, alhali mutane na yin shekara 20 da wannan cuta ba su sani ba? Domin a jikin mai dashe lissafin daban ne. A jikin sauran mutane, kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka kamu garkuwarsu na korar cutar da kanta cikin wata 6, waɗanda ta zauna musu kuma kashi 15 zuwa 30 ne hantarsu ke ƙeƙashewa cikin shekara 20. Mai dashe kuwa an ɗaure garkuwarsa da gangan, sai ƙwayar ta samu fili ta hayayyafa. Hanta na saurin yin tabo. Akwai wani nau'in kumburin hanta mai toshe hanyoyin ɗaci, ba ya yawan faruwa, amma idan ya zo yana iya gama da hanta cikin watanni. Cutar na ƙara haɗarin ciwon suga bayan dashe, ga kuma abin da ya fi tayar wa Malam hankali: tana taɓa ƙodar kanta. Antikor da ƙwayar cutar sukan dunƙule su maƙale a matatun ƙoda, su kumbura su, furotin ya fara zuba cikin fitsari. Kumfar da yake gani ke nan. Ƙodar ƙanensa ce ke karɓar duka.

Da a ce shekara 15 da suka wuce ne, da likita ya rasa abin yi. Maganin wancan zamani shi ne allurar intaferon haɗe da ƙwayar ribabirin, mako 24 zuwa 48, da zazzaɓi da kasala da ƙarancin jini. Intaferon zuga garkuwar jiki yake yi, ita kuwa garkuwa idan ta farka ƙodar dashe take fara kai wa hari, don haka an hana shi ga masu dashe sai in rai ne a kan layi. Ƙwayar cutar ma sai a 1989 aka gano ta, aikin da ya sa aka ba Harvey Alter da Michael Houghton da Charles Rice kyautar Nobel a 2020. A ƙarshen 2013 aka amince da sofosbubir a Amurka, sauran ƴan uwansa suka biyo baya. Waɗannan ba ruwansu da garkuwa, ƙwayar cutar suke hana haihuwa kai tsaye, kuma suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100, har da masu dashe da masu diyaliz. Masar, wadda a da ta fi kowace ƙasa fama da cutar saboda allurar maganin tsargiya da aka yi ta yi da sirinjin da ba a tsabtace ba a ƙarnin da ya wuce, ta gwada miliyoyin mutanenta daga 2018, ta yi musu magani da wanda take ƙerawa a gida, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaidar matakin zinariya a kan hanyar kawar da cutar a 2023.

Kafin Malam ya haɗiyi ƙwaya ɗaya, sai da aka yi abu uku, kuma ba a tsallake ko ɗaya ba.

An fara da gwajin nau'in B, na HBs da na anti-HBc. Wannan ya zama dole a ƙasarmu inda nau'in B ya yi yawa. Idan cututtukan biyu na tare a hanta, C kan danne B. Ranar da magani ya kawar da C, sai B ya miƙe da ƙarfi, ga garkuwa a ɗaure, kuma an yi asarar rayuka ta wannan hanya. Wanda aka samu da B ana fara masa entekabir ko tenofobir tare, ga mai ƙoda ɗaya likitoci sun fi karkata ga entekabir. Malam ba shi da B, sai aka duba ƙarfin rigakafinsa. Nau'in B na da allurar rigakafi, masu diyaliz ma ninki biyu ake yi musu. Nau'in C ba shi da ita har yau.

Sai auna tabon hanta, da hoton eko da lissafin da ake yi daga sinadaran hanta da yawan ƙwayoyin daskarar da jini, ko da na'urar Fibroscan inda take. Amfaninsa shi ne zaɓen magani: wanda hantarsa ta gaza har ciki ya tara ruwa ko ido ya yi shawara, ba a ba shi haɗin gilekafirebir da fibirentasbir, wani maganin nau'in C. Ta Malam tabon bai yi nisa ba.

Na uku shi ne wanda muka fi ba muhimmanci. Aka ce ya juye jakar maganinsa a kan tebur, komai da komai, har wanda ba likita ya rubuta ba. Sai ga omefirazol da yake sha don zafin ciki, ga farin ruwan maganin olsa, ga diklofenak na tebur don ciwon gwiwa, ga gorar jiƙo da gwaggonsa ta aiko daga ƙauye da ta ji an ce hanta. Diklofenak da ibufirofen suna rage jinin da ke shiga ƙoda, mai dashe ba ya kusantarsu. Jiƙo da sassaƙe babu wanda ya san adadin abin da ke ciki, kuma hantar da ke kumbure ce za ta tace su, aka roƙe shi ya mayar da godiya ya ajiye gorar. Omefirazol kuwa matsalarsa ta dabam ce: belpatasbir, wanda aka zaɓa masa, sai da tsamin ciki yake narkewa, maganin da ke kashe tsamin yana hana shi shiga jini. Idan ba makawa, ba a wuce miligiram 20, a sha maganin hanta da abinci, a jira awa 4 kafin omefirazol. Farin ruwan ma awa 4 ake ba shi tazara.

Akwai waɗanda ba a haɗa su da wannan magani sam. Rifamfisin na tarin fuka, da karbamazefin da fenitoyin da fenobarbital na farfaɗiya, suna sa jiki ya zubar da maganin kafin ya yi aiki. Amiyodaron na bugun zuciya idan ya gamu da sofosbubir yana iya rage bugun har mutum ya faɗi. Mai shan sikulosforin a madadin takrolimus, idan ya wuce miligiram 100 a yini, ba a ba shi gilekafirebir. A jikin kwali, inda muke faɗa da b a ƙarshen waɗannan sunaye, harafin v za ka gani.

An rubuta masa sofosbubir miligiram 400 haɗe da belpatasbir miligiram 100 a ƙwaya ɗaya, sau ɗaya a yini, mako 12. Ƙwaya 84 ke nan, kwalba 3 mai 28. Shawararmu gare shi, kuma ga kowa, ita ce kada a buɗe kwalbar farko sai ta uku tana hannu. Wanda ya fara da ɗaya yana fatan kuɗin ta biyu zai zo, ko yana jiran mai zuwa Kano ya sayo, shi ne ke yankewa a tsakiya, cutar ta dawo kuma ta yi taurin kai. A saya a farmasi mai rajista, a duba ranar lalacewa da lambar kwalba. Ana ajiye shi ƙasa da digiri 30, abin da ke da wuya a Damagaram a watan Afrilu da Mayu, don haka uwargida ta samar masa wuri a ɗakin da randa take, cikin kwalbarsa ta asali, ba a aljihun babur ba. Ya ɗaura shan sa da karin kumallo. Idan ya manta ya tuna cikin awa 18, ya sha, idan ya wuce haka ya jira na gobe, ba a haɗa biyu. Idan ya yi amai cikin awa 3 da sha, ya sake wata. Abin da ya ji bai wuce ciwon kai da kasala a makon farko ba.

Ana cikin haka sai abin da likitan ya yi hasashe ya faru. Hanta ce ke narkar da takrolimus. Lokacin da take kumbure tana aikin a hankali, sai maganin ya daɗe a jini. Da ƙwayar cutar ta ragu, hanta ta farfaɗo, ta fara narkar da shi da sauri, adadinsa a jini ya sauka alhali Malam bai rage ko ƙwaya ɗaya ba. Wanda ba a bibiya a nan ne yake warkewa daga ciwon hanta ya rasa ƙoda. Saboda haka ake auna takrolimus da kireyatinin, sinadarin da ke nuna ƙarfin aikin ƙoda, a kai a kai lokacin magani da bayansa. Yadda ake ɗibar jinin ma yana da ƙa'ida: da safe, awa 12 bayan na dare, kafin a sha na safe. Wanda ya sha sannan ya je aka ɗiba, takarda za ta nuna adadi mai yawa na ƙarya, likita ya rage masa magani a lokacin da ƙari yake bukata. An ƙara wa Malam kaɗan, adadin ya koma inda ake so. Sugansa ma ya fara sauka, har wata rana ya ji jiri da gumi a aji, sai aka rage masa maganin suga.

Ranar da ya haɗiyi ta 84 ya so a yi walima. Aka ce ya dakata. Ba a cewa an warke sai an ƙara mako 12 bayan ƙwayar ƙarshe an sake PCR, domin idan cutar za ta dawo, a wannan tsakanin take dawowa. Ya jira. Jini ya sake tafiya, takarda ta dawo ba a ga komai ba. ALAT ya koma daidai, kumfar fitsari ta ragu sosai.

Abu biyu muka nanata masa. Antikor, da zarar ya bayyana, zai ci gaba da fitowa a gwajin gaggawa, watakila har ƙarshen rayuwarsa, kada wani ya tsorata shi da shi, PCR kaɗai ke magana a kansa yanzu. Kuma wannan antikor ba ya kare shi, yana iya sake kamuwa idan jinin mai cutar ya sake shiga jikinsa. Wanda hantarsa ta riga ta ƙeƙashe kafin magani, shi kam ko ya warke sai ya riƙa yin eko duk wata 6 saboda ciwon dajin hanta.

Saƙon da Malam ya ce a isar wa abokan gadonsa na diyaliz shi ne kada samun nau'in C ya sa mutum ya cire rai da dashe. Ana yin maganin ana kan diyaliz, ba sai an rage adadin ƙwaya ba, kuma wanda ke da ɗan uwa mai ba shi ƙoda yakan iya gama mako 12 ɗinsa kafin tafiya, ko a yi bayan aiki idan lokaci ya ƙure, likitan ƙoda ne zai yanke. Har ta kai a 2017 likitoci a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka sun dasa wa mutum 10 marasa cutar ƙodojin masu ita da saninsu, suka ba su magani, duka goman suka warke. Abin da ya roƙa shi ne duk mai shirin tafiya ya nemi PCR da bakinsa, shi da mai ba shi ƙodar, kusa da ranar aiki, ballantana idan an ƙara masa jini a watannin baya.

Yanzu Malam ya koma aji. Yana da askarsa a cikin kube da yake kai wa wanzami ranar Juma'a ya dawo da ita, ƙaho kuwa ya bari. Azumin bana likita ya hana shi saboda zafi da tazarar awa 12 ta takrolimus, ya ciyar. A bayan ƙofar ɗakinsa akwai kalanda da ya zana wa da'ira a ranakun analiz, nasa da jan biro, na ƙanensa da shuɗi, domin shi ma mai ƙoda ɗayan ana auna masa hawan jini da kireyatinin da fitsari sau ɗaya a shekara, kuma Malam da kansa yake ɗaukarsa a babur ya kai shi.